Likkafani Mai Ido Biyu

Raliya ta ce bana fatalwa za ta zama. A Kanada aka haife ta, shekarunta biyar, kuma wata huɗu ke nan da uwarta Zakiyya ta gama karatu ta dawo da su Talata Mafara. Yarinyar ta haƙura da zafi, ta haƙura da sauro. Halowin ce kawai ta ƙi haƙura da ita.

Zakiyya ta yi wa mahaifiyarta bayani: rana ce da yara ke shigar dodanni, su bi gida-gida ana ba su alawa.

"Tashe ke nan," in ji Inno. "To ina azumin?"

"Babu azumi, Inno."

"Lallai. Sun bar wahalar, sun ɗauki kwaɗayin."

Ta yafa mayafi ta tafi suna Bakura.

Zakiyya ta riga ta kai alawa gidajen dangi uku, ta roƙe su su nuna sun tsorata. Saura kayan sawa. Na Ishaq, ƙanen Raliya, bai ba ta wuya ba. Kabewa zai zama. Ta samo jan buhun albasa, ta huda wurin hannuwa, ta cusa masa tsummoki. Bai yi kama da kabewa ba, buhun albasa ne mai ƙafafu, amma shi bai damu ba.

Fatalwa kuwa sai da farin ƙyalle, ga shi duk zanen gadon gidan masu furanni ne. Ta jawo akwatin ƙarfen Inno daga ƙarƙashin gado. Can ƙasa, bayan atamfofi, ta tarar da farin yadi sabo ful a cikin leda, yana ƙamshin turare. Tun tana shekara goma sha ɗaya ta bar gida zuwa makarantar kwana, ba ta taɓa ganin an yi wa mamaci sutura ba. Ta ɗauka ragowar yadin rigunan marigayi babansu ne. Ta yanki yadi biyu, ta kifa kofin shayi ta zana da'ira biyu, ta sa almakashi ta fitar da idanu.

Bayan azahar ɗan kabu-kabu ya sauke Inno a ƙofar gida. Tana shiga zaure wani farin abu ya yi tsalle daga bayan ƙyaure ya ce, "Buuu!"

Inno ta watsar da ƙullin cincin, ta ja a'uziyya sau uku a numfashi ɗaya. Sai ta ga silifas mai hoton kyanwa a ƙasan abin. Ta kama gefen ƙyallen ta shinshina.

"Zakiyya!"

"Sannu da dawowa, Inno. Ya mai jego?"

"Bar mai jego. Ina kinka samu wanga ƙyalle?"

"A akwatinki. Ai na ga ba a amfani da shi."

"Ba a amfani da shi don ban mutu ba. Likkafanina ne."

Zakiyya ta nemi wurin zama.

Shekara goma sha biyu da suka wuce Inno ta saye shi a Makka. Da hannunta ta jiƙa shi da zamzam, ta shanya a saman masauki, ta zauna gadinsa cikin rana har ya bushe, don kada wata hajiya ta haɗa da nata.

"Zan sayo miki wani ran Talata. Wanda ya fi shi."

"Ki wanke shi da zamzam ɗin madatsar ruwan Bakolori?"

"To, a ba wa masu zuwa Umara saƙo."

"In tafiyar ta zo kafin su dawo fa? Sai ki ce wa mutuwa ta jira jirgi?"

Inno ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kwanta ta miƙe ƙafafu, ta ce a gwada. Zakiyya ta warware sauran yadin tana aunawa daga kai zuwa tafin ƙafa, Inno tana ƙirga falle-fallen da ake yi wa mace. Ishaq ya ɗauka wasa ne, ya kwanta gefenta da buhunsa. Sun gwada sau biyu. Bai kai ba, sai an haɗa da na jikin Raliya.

"Ke, tuɓe min kayana," in ji Inno daga kwance.

Fatalwa ta ja da baya ta riƙe ƙyallen gam. Daga ciki muryarta ta fito da karyayyar Hausa.

"Inno, yau za ki mutu?"

"Ja'ira. Ban sa rai ba."

"To ki ara min."

Inno ta daɗe tana kallon idanun nan biyu da ke leƙenta. Sannan ta miƙa hannu aka tashe ta.

"Zuwa la'asar sakaliya. Ba a shan alawa a cikinsa. Kuma ni zan riƙe bayan, kada ya ja ƙasa."

Haka suka bi gidaje uku: kabewa a gaba, fatalwa a tsakiya, Inno a baya riƙe da jelar. A kowane gida sai an gama gaishe ta, ina gajiya, ya zafi, ya mutanen Bakura, sannan a tuna a ce, "Wayyo, dodo!" Wata gwaggo ta yaba kyan yadin, ta tambayi inda aka saya. Inno ta ce mai nisa ne.

Da suka dawo ta karɓi abinta, ta duba shi ciki da waje a hasken rana. Babu tabo. Zakiyya ta zo da allura da farin zare da ƙyallayen nan biyu da ta fitar.

"Kawo in mayar da su, Inno. Ba wanda zai gane."

Inno ta ɗaga yadin ta kara a fuskarta. Ramukan sun zo daidai idanunta. Ta kalli ɗiyarta ta cikinsu, ta kalli ƙofar gida.

"Bar su haka nan," ta ce, tana ninkewa. "In ga wanda ya zo da wanda bai zo ba."