Hannu Sama, Hannu Ƙasa

Aikina a babban jirgin ruwan yaƙinmu shi ne in tsaya a gindinsa riƙe da faifai biyu, ina yi wa matuƙan jiragen sama ishara har su sauka a kansa lafiya. A wajenmu Ingilishi, in na ɗaga hannu, nufina ka ƙara hawa. A wajen Amurkawa kuwa, nufin shi ne ka yi sama da yawa, sauko. Ga shi rabin sababbin matuƙanmu a Amurka suka koyo. Sau uku ina kai wa Kwamanda Haverill kuka. Amsarsa ɗaya: "Haka muka gada, Penrose." Gado! Jirgin saman da bai cika shekara arba'in a duniya ba!

Wani hantsi a 1943, muna tekun arewa da Iskandariyya, wani matuƙinmu, Dunstan Corrigan, ya dawo daga artabu, ihunsa na tashi a lasifika.

"Na kakkaɓo jirgin abokan gaba! Penrose, ɗan banza, tanadi kwalba! Mai ya ƙare fa, sau ɗaya zan gwada sauka!"

Ya taho ƙasa-ƙasa, ya saiti ƙarfen gindin jirgin ruwanmu. Na ɗaga faifai. Ya ƙara sauka. Na ƙara ɗagawa har kafaɗata ta yi ƙara. Ya ƙara sauka. Sai na tuna a Florida ta Amurka ya koyo, murna kuma ta share duk abin da muka koya masa a nan.

Na sauke faifan ƙasa, irin na Amurkawa: ka yi ƙasa da yawa, hau.

"Penrose! Ka haukace ne?" in ji Kwamanda daga hasumiya.

Jirginsa ya ɗaga hanci, ya tsallake ƙarfen da ƙyar, ƙugiyarsa ta cafki ta uku cikin igiyoyin da ke tsayar da jirage. Ya tsaya cak.

Corrigan ya diro, ya rungume ni, ya juya ni sau biyu. "Ka ga sauka? Kamar ajiye ƙwai! Amma mutumina, mene ne kake ta cewa in sauko, in sauko? So kake in sha ruwa?"

"Hau nake ce maka, jaki. Nan ba Florida ba ce."

Ya waiwaya ya dubi ƙarfen, ya dubi faifaina. Ya zauna daɓas a kan katako, dariya ta ƙwace masa, ni ma ta ƙwace mini. A haka Kwamanda ya same mu, yana ta faɗa, babu wanda ya iya miƙewa ya sara masa.