Ranar da 'Yar Rakiya Ta Ƙi Sauka

A sansanin masu gudu na Iten ba mai kiran Jerono da sunanta. 'Yar Rakiya ake ce mata, tun tana ɓata rai har ta haƙura tana amsawa. Aikinta ne ya jawo mata. In za a yi babban tseren mita dubu ɗaya da ɗari biyar, ita ake sawa gaba ta ja sauran da saurin da aka yanka mata, ba ƙari ba ragi, su kuwa su laɓe a bayanta tana tare musu iska. Ana kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, sai ta taka ciyawar tsakiyar fili ta ba su hanya. Ita ke dafawa, wasu su ci. Shekara da shekaru ke nan ƙafarta ba ta taka layin ƙarshe ba.

Sau ɗaya mahaifinta, tsoho Arap Sambu, ya taɓa zuwa kallonta a Eldoret. Ya taho da gorar mursik, nonon nan mai tsami da ake ɗura wa wanda ya dawo gida da nasara. Ya ga 'yarsa a gaba, ya miƙe yana kaɗa sanda yana gaya wa na kusa da shi tasa ce. Sai ga ta ta ratse ta tsaya kan ciyawa riƙe da ƙugu. Da ta je yi masa bayani, ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "To, in kin tashi isa inda za ki, kya aiko mini." Ya koma ƙauye da gorarsa a cike. Abin nan ya tsaya wa Jerono a rai, ko a mafarki tana ganin bayansa.

Bana da gasar tantance 'yan wasan ƙasa ta matso, Jerono ta ba da sunanta. A wannan gasa ba a ɗaukar mai jan gudu, kowa ta kansa yake yi, ukun farko su sa rigar ƙasa, saura su kama hanyar gida. Ta san gwiwoyinta sun fara magana, in ba bana ba to an gama. Ta aika wa tsoho cewa ya zo Nairobi, inda za a yi gasar.

Ana saura kwana kaɗan, suna cin ugali, tuwon masararsu, da ganye bayan atisaye, mai horar da su Koci Tuwei ya zauna kusa da ita.

"Tunda kin shiga, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ki ja wa Chelimo gudun da zafi tun daga farko, ki ƙone mata sauran."

Chelimo yarinya ce da ƙarfi ya yi wa yawa. Ita ce ke hawa tudun Iten tana hira lokacin da maza ke haki. In tsere ya yi zafi tun daga fari, ba mai iya zama da ita.

"Koci, wannan karon nawa zan yi," in ji Jerono. "Ba zan sauka ba."

Chelimo ta tuntsire da dariya har da dukan tebur. "Haba Yaya! Ke ko hanyar zagayen ƙarshe kin sani? Kar ki je ki ɓata, a yi ta cigiya."

"Ke dai ki riƙa duba agogon fili, ƙanwata."

"Agogon me? Ni bayanki ne agogona. Tun da na zo sansanin nan ban taɓa ɗaga kai ba."

Kowa ya yi dariya, har Jerono. Ta faɗa musu gaskiya ƙiri-ƙiri, su ne suka ɗauke ta wasa. Ita dai ta san kanta. Ba ta da numfashin Chelimo, in aka kwashi gudu da wuta tun daga farko, kafin ƙararrawa ta zama gawa. Amma da gajeren tsere ta fara sana'a, kuma zagaye ɗaya tak, in da sauran ƙarfi a ƙafarta, har yau ba ta ga macen da take tsoro ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Su goma sha biyu suka jeru da rana tsaka, fili ya cika maƙil, 'yan kallo na ta busa ƙaho. Aƙalla biyar a cikinsu sun fi Jerono ƙarfi, kuma babu wadda ba ta taɓa bin bayanta ba.

Bindiga na tashi ta fita kamar yadda ta saba fita, da zafin nama, ta kama layin ciki. Ba wadda ta yi tunani. Sai ji ta yi sun jeru a bayanta reras, Chelimo a gaba, numfashinta na dukan ƙeyarta. Sabo turken wawa!

Daga nan ta fara sata. Hannuwanta na kaɗawa yadda suka saba, ƙafafunta na sauka da kiɗan da kowa ya haddace, sai dai ta rage tsawon takun, kaɗan-kaɗan, yadda mai awo ke shafe bakin mudu. Mai bin baya kiɗan yake ji, ba ya auna taku. Zagaye ya wuce, wani ya biyo, gudun ya yi sanyi, 'yan matan nan kuwa kowacce na jin daɗin jikinta tana cewa yau ƙarfi ya zo mata.

Koci Tuwei ne ya fara ganowa. Ya dubi agogon hannunsa, ya dafe kai, ya ruga bakin shinge.

"Gudun ya mutu! Chelimo, wuce ta! Ke, wuce ta mana!"

Ina! Ƙaho ya cinye muryarsa. Chelimo idonta na kan bayan yayarta, hankali kwance.

Aka kaɗa ƙararrawa. Nan ne abin ya kusa ɓaci, domin ba su kaɗai sabo ya ɗaure ba. Ƙafar Jerono ta hagu da kanta ta karkata wajen ciyawa, jikinta gaba ɗaya ya ce aiki ya ƙare, a je a huta. Tsoro ya kama ta sosai, don daga nan gaba ba ta san ƙasar ba. A bayanta kuwa ba wadda ta fita gefe don ta wuce. Me zai sa a ɓata taku a zagaye mutumin da yanzu zai ba da hanya? Jiranta suke ta sauka.

Ta cije leɓe, ta dawo da ƙafar, ta zuba gudu.

Kafin su farga ta ba su tazara. Sai ga manya sun cakuɗe, wannan ta taka waccan, waccan na neman mafita da gwiwar hannu, kowacce na son ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya. Fili ya ɗauki ihu. Jerono ba ta ji ba, abin da take ji kawai ƙirjinta da ke ci kamar an zuba barkono.

A kwanar ƙarshe ƙarfi ya yi halinsa. Chelimo ta fito ta can waje, ta yi doguwar hanya, ta zo ta wuce ta fuu, ko kallonta ba ta yi ba. To, ɗaya ta tafi. Wata doguwa daga Kisii ta kawo kafaɗa daidai tata, ga kuma takun wasu biyu a baya. Ƙafafun Jerono sun zama itace. Ta hango farin layin nan da ta daɗe tana kallo daga kan ciyawa, ta ce a ranta yau ko da rarrafe ne. Ta jefa ƙirji gaba, doguwar ta jefa nata, suka zube tare.

Allo ya nuna. Chelimo ta ɗaya, Jerono ta biyu.

Chelimo ce ta ɗaga ta, tana haki tana hararar ta. "Yaya, kin cuce mu! Saura ƙiris ki sa in kwana a gida."

"Ban gaya miki ki duba agogo ba?"

"Daga yau ko coci za mu, ba na bin bayanki."

Koci Tuwei ya iso zai yi faɗa, sai kuma ya fasa, ya cire hularsa ya ɗora wa Jerono a ka.

Ita dai idonta na wajen shinge. Ga tsoho can cikin kwat ɗinsa na zuwa coci, ya rungume gora a ƙirji, bai ɗaga sanda ba, bai yi ihu ba. An taɓa ba shi kunya, yau ba ya gaggawa. Jerono ta tako da ƙyar ta tsaya gabansa, alfahari ya cika mata ciki.

Ya leƙa bayanta ya dubi filin, ya dawo ya dube ta.

"An gama? Babu sauran zagaye?"

"Babu, Baba. Na isa."

Ya zare murfin gorar da haƙori. Ta miƙa hannu za ta karɓa, ya buge hannun.

"Sauke. Wanda ya iso ba ya riƙe wa kansa."

Ya kafa mata gorar a baki da kansa. Nono na gangarowa ta haɓarta har kan lambar ƙirjinta, shi kuwa ya juya ga mutanen da ke kusa, yana faɗa da ƙarfi yadda na nesa ma za su ji.

"Sunanta Jerono. Tawa ce."