Wa Zai Hawo da Ruwan?

Ina tsakiyar guga a shagon wankin da nake aiki wayar ta shigo. Mijin 'yata Auta ne. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce in zo asibiti, ta ɗan zame a bene. Haka ya faɗa, ta ɗan zame. Na bar dutsen guga a kan rigar mutane na fita, mai shagon ce ta ɗauke shi. Kafin in isa an ciro jaririya da rai, ita kuwa Auta jini ya ƙi tsayawa. Ban same ta da rai ba. Zaninta da takalminta ƙafa ɗaya aka miƙo mini a leda.

Na tsaya a tagar ɗakin jarirai ina kallon ɗan abin da ta bar mini, ja-ja-wur, cikin kwalbar asibiti. A nan na ƙudurta a raina cewa yarinyar nan ba za ta koma gidan can ba.

Gidan nasu a can saman bene yake, ɗaki biyu da falo, su da uwar mijin. Famfo yana ƙasa, ruwa ba ya hawa. Matakalar kuma kullum a jiƙe, ga ƙarfen da ake dafawa yana girgiɗi. Tun da aka kai Auta, ita ce famfon gidan.

Da cikinta ya fara nauyi sai ƙugu ya sa ta gaba. Ta ce mini ƙashin da ke ƙasan mara ji take kamar ana tsaga shi, in ta ɗaga ƙafa ɗaya har ƙara yake yi. Juyi a kan gado sai da kuka. Ni na raka ta awo. Ungozomar ta zaunar da mu ta yi bayani tiryan-tiryan: ƙasusuwan wurin ne suka saki saboda ciki, ba lalaci ba ne. Ta ce ta riƙa sa matashi tsakanin gwiwoyi in za ta kwanta, ta haɗe ƙafafu in za ta sauko daga gado ko mota, ta zauna kafin ta sa tufafi, kada ta tsaya kan ƙafa ɗaya. Ta ba ta wata ɗamara mai roba da ake ɗaurawa ƙarƙashin ciki. Abin da ta fi nanatawa shi ne, ban da ɗaukar kaya mai nauyi, bene kuma sai in ya zama dole.

Na je na faɗa wa uwar mijin, cikin ladabi, har da durƙuso. Tana kishingiɗe a falo, ƙafa a kan matashi, ɗanta yana shafa mata man zafi a gwiwa. Gwiwar nan kowa ya san da ita. Saboda gwiwar nan ba ta sauka ƙasa sai ranar biki, saboda ita aka sayi kujera mai laushi. Ciwon gwiwa ciwo ne, ciwon ƙugun 'yata kuwa raki.

Ta saurare ni tana taunar cingam. Ta ce a gidansu mace mai ciki hawa da sauka take yi da bokiti, shi ke buɗe ƙugu, haihuwa ta zo da sauƙi. Haka uwarta ta yi, haka ita ta yi, kuma ga 'ya'yanta nan zaratan maza. Ta ce alheri take yi wa yarinyar, ranar naƙuda za ta gode mata. Da ta ga ɗamarar sai ta yi dariya ta tambayi Auta da wa za ta yi kokawa. Matashin ma ta karɓe, wai na falo ne.

Na dubi ɗaya daga cikin zaratan mazan. Ya sunkuyar da kai yana rufe kwalbar man zafi. Mutum ne da zai iya yi maka bayanin kowace waya a shagonsa na awa guda, amma a gaban uwarsa ko tari sai ya nemi izini. Na roƙe shi ya bar ta ta dawo wurina har ta haihu. Ya ce zai yi shawara. Yana nan yana shawara ƙafarta ta ƙage a tsakiyar matakala, da bokiti a hannu.

Wurin zaman makoki ina jin uwar mijin tana ce wa mata, yaran yanzu ba su da ƙwari. Na bar bakina sai ranar da za a sallami jaririya.

Ranar, uwar mijin ta zo asibiti da sabon tawul, ɗanta yana riƙe da hannunta. Ta ce jininsu ne, gidan ubanta za ta. Na ce gaskiya ne, ban yi musu ba. Sai na tambaye ta:

"Hajiya, jinjiri wanka safe da yamma ne, ga wankin tsumma, ga dafa kwalbar madara. Wa zai hawo da ruwan?"

Ta buɗe baki, ta dubi ɗanta. Shi ya dubi ƙasa.

Na ce, "Mai hawo muku da shi mun kai ta makwancinta. Ko ke za ki gwada? An ce yana buɗe ƙugu, wataƙila gwiwa ma ya buɗe ta."

Ta ce ba ta zo a ci mutuncinta ba. Ta fara lissafa mini dangin da za a iya kira, kowanne ta ambata sai ita da kanta ta tuna dalilin da ba zai zo ba. Ɗan nata bai ce shi zai ɗebo ba. Na jira, wallahi na jira, don da ya faɗa da na ji nauyinsa. Daga ƙarshe ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa, "Mama, ki riƙe ta tukuna, har a ga yadda za a yi." Tawul ɗin ma ban karɓa ba. A zanin uwarta na naɗe ta.

Har yau ana ganin yadda za a yi. Yakan zo da gwangwanin madara, ya zauna a bakin ƙofa kamar mai jiran mota. Ina ba shi ruwa, ba na ba shi hira.

Yarinya ta fara zama yanzu. Ɗakina a ƙasa yake, ina tafiya da ita shago, tana kwana a kwandon kayan da aka goge. Kullum da safe in na gama yi mata wanka, ina kwantar da ita a cinyata in bi jikinta da yatsa, daga wuya har tafin ƙafa, ina tambayarta ina ne ke ciwo. Ba ta iya magana ba tukuna. Duk da haka sai na ɗan jira.