Abin da Inno Ta Ji ta Bango

Badamasi ya sake murɗa makunnin. Majigin ya yi tari, ya fara jan fim da ƙararsa irin ta keken ɗinki, amma haske ko ƙyas. Ya buɗe murfin, ya zaro ƙwan fitilar, ya ɗaga shi sama. Ya yi baƙi ƙirin.

"Yau kuma? Duk ranakun duniya sai yau?"

Bayan la'asar Muntari ɗan gwangwan zai zo da motarsa ya kwashe ƙarafan gidan silimar kaf, har majigin. Magada sun riga sun sayar da filin, shaguna za a yi. Badamasi bai ja da kowa ba, shekararsa hamsin da shida, ya gaji da ja. Amma da safen nan da ya shiga gaishe da mahaifiyarsa Inno, sai tsohuwar ta ajiye kofin kununta ta ce, "Kafin su ɗauke abin nan, ka haska mini na gani. Sau ɗaya."

Ai kuwa sai da ya nemi wurin zama. Mahaifinsa, marigayi Alhaji Jibirin, shi ya buɗe silimar nan a Gwarzo tun Badamasi yana ɗan shekara takwas. Fili ne kawai da bencina, sai dogon bango da aka shafe da farar ƙasa, a kansa ake haska fim. Bayan bangon nan kuwa ɗakin Inno ne. Mata ba sa shiga silima, balle matar mai gidan. Shekara ashirin da biyu Inno tana kwance tana jin Indiyawa suna waƙa da kuka da dambe a jikin bangonta, ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Daga baya zamani ya juya aka rufe gidajen silima, wurin ya koma gidan kallon ƙwallo, wayoyin hannu suka zo suka ƙarasa shi. Kuma a duk shekarun nan, wallahi, ba wanda ya taɓa tunanin ya tambaye ta ko tana so ta gani. Wannan ne ya hana shi sukuni.

Ya zagaye masu kayan lantarki na bakin kasuwa. Wani ya juya ƙwan ya ce, "Baba, wannan na jirgin ƙasa ne?" Wani ya ce ya buɗe mata waya kawai mana. Badamasi ya yi tsaki ya wuce. Inno ba waya ta ce ba.

Mutum ɗaya ya rage, Malam Hambali, wanda ya yi wa Alhaji gyaran majigi shekara da shekaru, yanzu yana Kabo yana gyaran rediyo. Badamasi ya haye babur, ya kama hanya yana duban rana kamar mai tsoron a sace ta.

Ya tarar da tsohon a rumfarsa. Aka shiga gaisuwa: ya gida, ya iyali, ya Inno da jiki, ya damina, ya mutanen Gwarzo, ya haƙurin Alhaji, mutumin da ya shekara goma sha biyar a ƙasa. Badamasi yana amsawa ƙafarsa tana rawa.

"Ɗan Alhaji, ka zauna mana. Kunama ce a bencin?"

"Malam, ƙwan majigi nake nema. Yau. Yanzu."

Hambali ya saurari bayanin har ƙarshe. Sannan ya jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe, ya tona, ya tona, ya fito da ƙwai ɗaya naɗe cikin safa.

"Shi kenan ya rage mini, kuma ban ce a duk ƙasar nan akwai na biyu ba. Kada ka taɓa gilashin da hannu. In ya yi maka minti goma ka gode Allah." Da Badamasi ya sa hannu a aljihu sai tsohon ya ɗaure fuska. "Kai, kiyaye ni. Tuwon Inno nawa na ci?"

Ana kiran azahar ya iso gida. Ya yi salla a gurguje, ya kinkimo majigin zuwa ɗakin Inno, ya toshe taga da bargo, ya tayar da ɗan janareto a tsakar gida. Gwangwanayen fim yawanci sun lalace, suna tashin tsami. Ya jero mata waɗanda suka tsira.

"Wanne kike so, Inno?"

"Ina na san sunansu? Mai sarewa a farko, sannan mace ta shigo a hankali." Ta rera masa, da muryarta da ta shaƙe, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba.

Ya gane shi nan take, fim ɗin da suka fi samun cika da shi. Ya zare naɗin, ya saka, ya kunna. Haske ya faɗa kan bangon, ta ciki wannan karon. Ga titi, ga motoci, ga wani mai gashin baki yana sauka daga keken doki.

"La ilaha illallahu!" Inno ta dafe ƙirji, ta matso gaba a kan gadon. "Ashe haka suke da girma? Wannan ne mugun? Na san muryarsa, ɗan banza."

Badamasi ya yi dariya, karo na farko tun safe. Waje kuwa ya ji horon mota, Muntari ya iso tun kafin la'asar. Ya bar shi ya jira.

Mai gashin bakin ya fara hawa wani bene. Daga nesa sarewa ta taso.

"Yauwa, ga ta nan," in ji Inno, ta rage murya. "Nan ne matar take binne ɗanta. Shekarar da ƙanenka Sagiru ya rasu, kana yaro ba ka san halin da nake ciki ba, kowa cewa yake na yi haƙuri, na daina kuka, kuka ba kyau. Ubanku ya yi sati uku yana haska wannan. Da ta fara sai na juya na manna fuskata a bango, mu yi ta yi ni da ita, ba mai ji na. Ita kaɗai ba ta ce na yi shiru ba. Tun lokacin nake so na ga idonta, baiwar Allah."

Badamasi ya dubi bangon. Ya haska wurin nan ya fi sau ɗari. Ya san abin da ke saman benen: ba kabari, ba jariri. Wata ce da ƙararrawa a ƙafa take juyi gaban mashaya, suna watsa mata kuɗi, kuma nan ne 'yan benci suke miƙewa da fito da ihu. Matakala biyar suka rage. Huɗu.

Ya kai hannu bayan majigin ya kashe fitilar kaɗai. Bangon ya yi duhu. Fim ɗin ya ci gaba da tafiya, muryar matar ta shigo a hankali ta cika ɗakin.

"Me ya faru?"

"Ƙwan ne, Inno. Ya mutu. Dama Malam Hambali ya ce ba zai jima ba."

Muntari ya sake danna horon.

"Allah bai yi zan gan ta ba," ta ce. Ya ji motsin gado, ta juya ta fuskanci bango. "Kada ka kashe. Bar ta ta ƙarasa."