Sarewar Kaka Waine

"Ba sarewa ba ce, tsuntsu ne," in ji Kaka Gende, yana hararata.

"To, Kaka, tsuntsun nan na gan shi rataye a bayan ɗakin maza, har gara ta fara lasar bakinsa."

A wurinmu an hana mata ganin sarewar, ana ce musu tsuntsu ne ke kuka. Tun da ƙaninsa Waine, mai amsa masa busa, ya rasu, muryar danginmu ta ɗauke. Sarewarmu biyu ce daga gora ɗaya, wannan ta kira, waccan ta amsa, mutum ɗaya ba ya busa su. Samarinmu suna can birnin Lae, wanda ya rage kuma ya fi son kaɗa gita. Saura kwana shida bikin aladu, har mutanen ƙetaren rafi sun fara cewa dangin da tsuntsunsu ya yi shiru ba su da bakin kiran gangaren gonakin kofi nasu. Waƙar sarewar ce shaidarmu, tana bin iyakar ƙasarmu daga kan dutse zuwa rafi.

Na ce masa na iya amshin Kaka Waine. Ya yi dariya har da tari, ya ce mace ba ta ma san abin da ke kuka ba. Na ce shekara goma sha biyar ina haƙar dankali a ƙasan ɗakin maza, kaina a sunkuye yadda aka koya mana, amma ba wanda ya toshe mini kunne.

Ya tashi ya ɗauko sarewar biyu, ya miƙo mini ɗaya. Ya busa, na amsa. A cikin waƙar muka sauko daga dutse, muka wuce gonakin, ƙirjina kamar zai tsage. Kafin rafi sai na tsaya cak, numfashi uku.

"Ambane, iska ta ƙare miki?"

"A'a. Nan ne kabarin wanda ya fara sare dajin nan. Kaka Waine bai taɓa wucewa da busa ba."

Ya daɗe yana kallona, idonsa ya cika. Ya ce ɗan Waine na cikinsa ma ya ɗauka hutun numfashi ne kawai.

Dattawa sun fito jin busar, wasu na gunaguni. Kaka Gende ya miƙe, ya ɗaga gorar sama.

"Ku yi surutunku. Ranar biki jikata ce za ta amsa mini, a gaban kowa."