Shatin Yatsa a Rufin Ƙaramar Mota

"Wayar za ka riƙe, ba motar ba," in ji Baba Mai Fenti. "Sau nawa zan faɗa maka? Ko digirin naka na riƙon biro ne kawai?"

Farfesa ya gyara riƙo. Gangar motar, wadda tsawonta bai wuce tafin hannu da rabi ba, tana maƙale a kan wayar rataye kaya da suka lanƙwasa, ya miƙa ta cikin wani kwali da suka yanke wa baki a barandar bayan ɗakinsa. Shi ba farfesa ba ne. Shekara uku ke nan da ya gama jami'a yana zagayen ofisoshi da takardu a hammata, Baba, maƙwabcinsa, ya laƙaba masa sunan don tsokana, sunan kuma ya bi shi har mutanen gidan hayar suka manta na yanka.

Bai runtsa ba daren jiya. Bango ɗaya ne tsakanin gadonsa da na tsohon, kuma tarin da ke ratso bangon ya sauya murya cikin makon nan, ya koma kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Tambaya ɗaya ce ta kwana tana cinsa, ita ce kuma ta tashi tare da shi: shin taimakon mutumin nan yake yi, ko kuwa rami yake taya shi haƙawa?

"Baba, ka sa takunkumin nan, don Allah."

"Shekara talatin da takwas ina fesa motoci ban rufe hanci ba. Yau da huhun ya zama rariya za ka ce in toshe? Bayan tiya akwai wata caca ne?"

Abin da likita ya faɗa ke nan, da kalmomin asibiti: fentin gareji ya cinye huhunsa, ko warin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, kada ya ƙara shaƙa. 'Yarsa, malamar makaranta da ta dawo gidan don jinyarsa, ta kwashe gwangwanayen fentin da ya ɓoye a ƙarƙashin gado ta zubar. Sai ga ɗansa da ke aiki a wani gari mai nisa ya aiko masa da kwali: motar roba ta haɗawa, kashi ɗaya cikin ashirin da huɗu na ta gaske, gutsattsarinta sun fi ɗari, wai don hannun Baba ya samu abin yi. Ɗan bai tuna cewa mota ba ta zama mota a wurin ubansa sai ta sha fenti ba. Da Malama ta ce a haɗa ta fara fat yadda ta zo, tsohon ya mayar da murfin kwalin ya rufe. Washegari, tana fita aiki, ya ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa da kwalin a ƙirjinsa.

Wata biyu suka yi a kanta. Hannun Baba yana rawa, don haka ƙananan ayyukan suka faɗo kan Farfesa: cire gutsattsarin daga jikin firam ɗin robar da suka zo a manne da shi da abin yanke farce, kankare tabon da reza, ɗiga gam da bakin tsinke, ɗora sitiyarin da bai kai ƙwayar wake ba da hantsaki. Wayoyin injin daga cikin wata matacciyar rediyo suka zaro su. Tsohon yana zaune a kujera yana ba da umarni, yana zagi, yana tari. Amma feshin jiki, wannan nasa ne shi kaɗai. Ya ce motar ƙarshe da zai fesa a duniya ce, kuma yana son ta fita babu aibi ko ɗaya, wadda ko wane mai fenti ya duba zai yi shiru.

Farfesa ne ya sayo tinar. Shi ya aro 'yar bindigar feshin da ƙaramin injin iska. Wannan ne ya hana shi barci.

Baba ya karɓi bindigar. Abin mamaki, da yatsansa ya hau maɗannin, rawar hannun ta ɗauke. Ya fara feshin kafin ya kai jikin motar, ya wuce ta kafin ya saki, daga hagu zuwa dama, sannan ya dawo, kowane zubi yana hawa rabin na baya. Launin shi ya haɗa shi da kansa a murfin kwalba, kore mai duhu da ɗigon baƙi a ciki. Shafi na uku ke nan, na ƙarshe. Fentin ya kwanta jiƙe shar, har Farfesa ya ga tagar maƙwabta da igiyar shanya sun bayyana a rufin motar kamar a madubi.

"Ka gani?" in ji tsohon, numfashinsa yana fita da ƙyar. "Ba gudu, ba kumfa, ba fatar lemo. Je ka faɗa wa malaman jami'arku."

Tari ya turnuƙe shi. Ya dafa bango ya daɗe a sunkuye. Farfesa yana tsaye riƙe da waya, ba damar ajiyewa, ba damar tallafa masa. Da ya lafa, suka shigar da motar ɗaki, suka kafa ta a kan tebur, suka kife ta da robar wanki saboda ƙura.

"Kwana bakwai," in ji Baba, yana ɗaga yatsa. "Fenti maƙaryaci ne. Sama ta bushe, ƙasa ɗanye. Ba a taɓawa, ba a hura masa baki, ba a ma leƙawa. Na taɓa korar ma'aikaci daga gareji saboda yatsa ɗaya a ƙofar mota. Yana kuka, na ce ya je ya yi sana'ar da ake taɓe-taɓe."

A rana ta huɗu Farfesa ya fita kai takardunsa wani kamfani, inda mai gadi ya karɓa ya jefa a kwali ba tare da ya dube shi ba. Da ya dawo da azahar, ya tarar da ƙofarsa a buɗe, don tsohon yana da mabuɗi. Baba yana zaune a bakin gado, hannayensa biyu a tsakanin gwiwoyi. Robar wankin tana ƙasa.

Farfesa ya matsa ya duba. A tsakiyar rufin motar, inda hasken ya fi kwanciya, ga shatin babban yatsa ya nutse a cikin koren, kowane layi da kowace lanƙwasa a fili, har da wani tsohon tabon yanka da ya ratsa tsakiya.

"Baba..."

"Kada ka ce komai. Na san abin da na yi." Ya tattara iska. "Na tashi da safe na ji ƙirjin nan, sai na ce, kwana uku da yawa. Na ce bari in ji ko ya nuna. Da gefen farce ma ake gwadawa, a ƙarƙashin bamba, inda ido ba ya zuwa. Ni da na koya wa mutane. Sai hannun ya kufce."

"Ba ya da muni, Baba. Wani ma zai ce sa hannu ne."

"Wani jaki." Tsohon ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Kai ɗan boko, komai sai ka yi masa fassara. Wannan ba sa hannu ba ne, abin kunya ne. Saurara. Shafi uku na ba ta, akwai kauri. In ta cika kwana bakwai, ka jiƙa sanfefa, takardar kankara mafi laushi, a ruwa da ɗigon sabulu, ka bi wurin a hankali, kada ka danna. In ya shafe, ka bi da man gogewa da tsumma mai taushi har hasken ya dawo. In ka ga fari ya leƙo, ka cinye fentin, ka kashe ta. Ka ji?"

"Na ji. Amma kai za ka yi da hannunka."

"Ka ce ka yi alkawari."

Farfesa ya dubi ƙasa. "Na yi alkawari."

A yammacin ranar numfashin tsohon ya sarƙe. Malama ta fito tana kiran maƙwabta, direban da ke ɗakin ƙasa ya kawo motarsa. Suna kinkimar Baba a matakala, ta sunkuya ta gyara masa riga, sai ta tsaya cak. Ta kai hannun rigar hancinta, warin tina ya buge ta. Ta ɗago ta yi wa Farfesa wani kallo, wanda da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Sau ɗaya ya samu ganinsa a asibiti. An rufe masa hanci da baki da robar iska, ya rame har agogonsa ya zame zuwa gwiwar hannu. Malama ta fita karɓo magani. Tsohon ya janye robar da yatsu biyu.

"Sun dai sa min takunkumin," ya ce, yana ƙoƙarin dariya. "Kwana nawa?"

"Biyar, Baba."

"Saura biyu. Kada ka yi gaggawa irin tawa."

Ya rasu da hantsin rana ta shida. Aka yi abin da ake yi, aka kai shi, aka dawo. Ɗansa bai iso ba sai bayan an watse. Tsofaffin abokan aikinsa na gareji suka zauna a tsakar gida, farcensu duka da baƙin da ba ya fita, rabinsu suna irin tarin nan, suna ba da labarin yadda ake kawo masa mota daga nesa, da yadda yake gane launi da ido ko da rana ta ci shi shekara goma. Farfesa yana gefe yana saurare. Babu wanda ya san abin da ke ɗakinsa, sai mutum ɗaya.

Bayan kwana uku Malama ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ba ta shigo sosai ba, ta tsaya a bakin labule, idanunta a kumbure.

"Ina take?"

Ya ɗage robar. Ta matso. Ta daɗe tana kallon koren, sannan idonta ya sauka a kan rufin. Ta ɗaga babban yatsanta ta tsayar da shi a saman shatin, ba ta taɓa ba.

"Ga tabon nan," ta ce a hankali. "Gwangwani ne ya yanke shi, ina aji uku. Ni na ɗaure masa da tsumma."

"Yaya, ki yafe min. Ni na sayo..."

"Na sani. Kai ne mai ilimin, kai ne ka ji abin da likita ya ce da kunnenka." Muryarta ba ta tashi ba. "Ban zo faɗa ba, ba ni da ƙarfinsa. Kwanakin da aka rage mana ba za su dawo ba. Ka haɗa ta ka kawo min. Amma wannan ka bar min shi yadda yake. Ko hoto mai kyau ba ni da shi nasa, kullum sai ya kau da kai."

Farfesa ya buɗe baki. Alkawarin yana kan harshensa, amma ya ga yadda take kallon rufin motar, sai ya haɗiye.

"Zan haɗa ta," ya ce kawai.

Ta gyaɗa kai ta fita.

Ya zauna a gaban teburin har rana ta karkata. A jami'a an koya masa yadda ake auna hujja da hujja, ya kuwa auna. Mamaci ba ya jin kunya, mai rai ce ke jin ciwo. Ya riga ya zalunce ta sau ɗaya. In ya bar shatin, babu wanda zai taɓa sanin an yi alkawari, kuma wataƙila wata rana ta amsa gaisuwarsa a matakala. Duk hujjojin suna gefe ɗaya, a jere, babu wadda ya iya karyawa. A ɗaya gefen babu komai sai wani tsoho zaune a bakin gado, hannaye a tsakanin gwiwoyi, wanda ya ba da huhunsa don kada a ga irin wannan a aikinsa. In shatin ya zauna, to warin tinar da ya shaƙa a barandar nan ya tashi a banza, kuma Farfesa ya taya shi mutuwa ne a kan ba komai.

Ya ɗauko wayarsa ya saita ta a kan rufin, shatin ya cika gilashin. Ya tsaya. Hoto ma ajiye abin kunyar ne, sai dai a wani wuri dabam. Ya kife wayar.

Ya zuba ruwa a ƙaramin faranti, ya ɗiga sabulu, ya yanki sanfefa daidai faɗin farce ya jiƙa har ta yi laushi. Ya tallafi gangar motar ta ciki da hannun hagu. Bai danna ba. Layukan gefe ne suka fara dusashewa, sannan na tsakiya, tabon yankan ne ya fi daɗewa. Ya tsoma takardar a ruwa, ya sake bi, ya share wurin da tsumma, ya karkata rufin ga hasken taga. Fari bai leƙo ba. Wurin ya yi sumul, dishi-dishi, babu alamar kowa.

Ya ajiye motar ya jawo man gogewa. A cikin farantin ruwan ya koma kore, garin fentin yana kwanciya a ƙasa sannu a hankali.