Muryar Sajo a Cikin Faifai

Ofishin ƙungiyar dillalan dabbobi na Maigatari ɗaki ɗaya ne a bayan kara, dab da inda ake loda shanu a tirela. Tagarsa ɗaya, ita ma da ƙarafa. A nan Sajo yake wuni, shi da kwamfuta da wata fanka mai kukan tsohuwar akuya.

Sajo ɗan Fulani ne daga wata ruga a ƙasar Sule Tankarkar. Bai yi nisa a boko ba, a wani shagon kwamfuta a Gumel ya koyi abin da ya koya. Shi ya haɗa wa ƙungiyar na'urar cigiya. In saniyar mutum ta ɓata, sai ya turo hotonta da alamunta ta waya, nan take a watsa wa dillalai, ko an kawo ta kasuwa a tare ta. Abin da ke wannan aikin wata kwamfuta ce ta haya a can wata ƙasa, ba a ganinta sai ta intanet. Masu sana'ar suna ce mata saba, su ce wai a cikin gajimare take.

Da kaɗan-kaɗan ya gina ta, yau ya ɗaura nan, gobe ya toshe can, har shi kansa ba zai iya faɗin yadda ya yi ba. Shi ya sa in ta yi tari, babu mai taɓa ta sai shi. Sallah biyu ta wuce bai je gida ba.

Ana haka ƙanwarsa Asama'u ta kira shi. Rugarsu babu sabis, sai an taka zuwa gindin wata tsamiya a bakin burtali.

"Hamma, jikin Baffa ya ƙi. Ko nono ba ya sha. Kullum sai ya tambaya ko ka zo."

"Ina nan zuwa," in ji Sajo. Da ya ajiye wayar ya ji kunyar maganar, don ba yau ya fara faɗinta ba.

Ya samu shugaban ƙungiya, Alhaji Sha'aibu, a rumfarsa, ya durƙusa ya gaya masa.

"Allah ya ba Malam Yelwa lafiya," Alhaji ya ce. "Ni ba na hana ɗa ganin ubansa. Amma ɗana, in abin nan ya tsaya ran Alhamis, kasuwa ta cika, wa zan kama? Ga mutanen Gumel da Gagarawa da na garinku sun dame ni, kowa yana son irin tamu. Ka samo mana dabara, ka ga hanya."

Dabarar, Hidaya ce ta tuna masa da ita. Ita ce sakatariyar ƙungiya, teburinta na kallon nasa, ta kuma daɗe tana lura da hannunsa.

"Malam Sajo, ba kai ka ce ana ɗaukar hoton faifan da ke cikin sabar ba? Mene ne ma amfaninsa?"

Ya ce, "Kin san yadda innarmu ke kindirmo? Ba ta farawa daga babu. Takan rage na jiya kaɗan, ta zuba a sabuwar madara, gari na wayewa ya kama. To hoton nan haka yake. Duk abin da ke kan faifan da sabar ke tashi da shi, za a kwafe shi a ajiye. Wanda yake son sabuwa, ya ɗebo daga ciki. Tamu ma in ta mutu, ki tayar da wata, ba sai da ni ba."

"To me kake jira? Ko daɗin kujerar kake ji?"

Abin da yake jira shi ne lokacin da zai kashe ta, don ya fi son ya ɗauki hoton tana tsaye cik, kada ya kwafi abu rabi da rabi. Ran Juma'a, da kara ta watse, mutane suka nufi masallaci, ya kashe ta da bismillah. Ya zaɓi faifan da take tashi da shi, ya bar ɗayan da hotunan shanun mutane suke, ya ba hoton suna, ya danna. Da suka sauko daga masallaci ya tarar an gama. Ya kunna tasu ta tashi lafiya. Daga hoton ya tayar da ta Gumel, da ta Gagarawa, da ta Sule Tankarkar, ya sa wa kowacce layin ƙungiyar garinta, Hidaya na gefe tana yi da hannunta yana gyara mata. Kowacce ta tashi kamar an tsaga kara.

Alhaji ya sa masa albarka. Washegari da hantsi ya hau bayan babur ɗin Ɗantala, wani Bamange, dangin Barebari, abokin wasansa.

"Riƙe ni da kyau, bawana," in ji Ɗantala. "Ku Fulani iska kaɗan sai ta ɗauke ku."

"Ja mu je, mai tsagar fuska. In ka kayar da ni, ubangidanka ka kayar."

Ba su bar kwalta ba wayar ta fara kuka. Wani dattijo ne daga Gagarawa, bijiminsa ya tsinke, yana so ya ji ko an gani. Sajo ya yi mamakin inda ya samu lambarsa, amma ya lallashe shi. Bai mayar da ita aljihu ba wata mata ta kira daga Gumel, tumakinta. Sai wani kuma daga Gagarawa.

"Baba, wa ya ba ka lambata?"

"Kai mana! Ba kai ka ce kai ne Sajo ɗan Yelwa ba, in da damuwa a kira ka?"

Nan Sajo ya gane abin da ya faru. Tun farkon aikin, dattawan kara sun ce su ba sa magana da ƙarfe, sai sun san ɗan wane ne a bayansa. Shi ya sa ya ɗauki muryarsa, da Hausa da Fulatanci, ya sa sabar ta riƙa mayar wa duk wanda ya turo cigiya: ni ne Sajo ɗan Yelwa, saƙonka ya iso, ga lambata. Har in ita kanta ta samu matsala, wayarsa take sanarwa. Duk wannan a kan faifan tashi yake zaune. Ya kwafe shi tsaf bai share ba. Da igiya ɗaya ce a ƙafarsa, yanzu da hannunsa ya ƙara uku.

Suka shiga yashi, wayar ba ta huta ba. Da suka iso tsamiyar bakin burtali, Sajo ya dafa kafaɗar Ɗantala.

"Tsaya nan."

"Ga rugarku can ana hangowa, me za mu yi a nan?"

"Daga nan babu sabis."

Ya sauka ya tsuguna a kan saiwa. Yana ganin bukkokinsu, har da farin zanen da aka shanya a kan dangan ƙaya. Wayar ta sake kuka. Wani makiyayi ne, karsanar da ya ba 'yarsa ce aka kora da asuba, yana tsoron kafin la'asar a tsallaka da ita iyaka. Sajo ya kira dillalan da ya sani a bakin iyaka, ya kwatanta musu ita. Yana gamawa wani ya shigo.

Rana ta take tsaka, inuwar tsamiyar ta tsuke, yana nan. In ya miƙe ya yi taku kaɗan, sai ya ga sandunan sabis sun zube, sai ya dawo.

"Kashe ta mana," Ɗantala ya ce. "Ko ita ta haife ka?"

"In na kashe, mai karsanar nan ya kira ya ji shiru fa? Sunan Baffa na ambata masa."

Ɗantala ya koma kan babur ɗinsa ya zauna.

Can sai ga Asama'u ta taho da ƙwarya a ka, ta ji ƙarar babur tun ɗazu. Ba ta gaishe shi da fara'a ba.

"Hamma, Baffa ya ji zuwanka. Ya sa an tayar da shi zaune, an sa masa rawani. Tun ɗazu yake kallon ƙofa."

Sajo ya sunkuyar da kai. Sannan ya kira Hidaya, ya gaya mata ɓarnar da ya yi. Ya faɗa mata inda lambar take, ta canja a kowane gari a sa ta mutumin garin, kowa ya ɗauki muryarsa. Ran Juma'a kuma ta share muryarsa da lambarsa daga tasu ta Maigatari, ta ɗauki sabon hoto wanda babu sunan kowa a ciki, ta goge tsohon.

"Zan yi," ta ce. "Amma waɗanda suka riga suka riƙe lambarka fa? Kai za su nema."

"Ga ta nan zuwa wurinki."

Ya tsinci ƙayar aduwa a ƙasa, ya zaro layin daga cikin wayar. Tun yana saurayi yake da shi, kowa da shi ya san shi. Ya naɗe a leda ya miƙa wa Ɗantala.

"Ka kai wa Hidaya hannu da hannu. Ta fara da mai karsana. Kada ka tsaya shan fura a hanya."

"Ji bawa yana aiken ubangidansa," in ji Ɗantala, amma ya cusa ledar can cikin hularsa, ya tayar da babur.

Sajo ya bi bayan Asama'u. A ƙofar bukka ya cire takalmi ya yi sallama. Malam Yelwa yana jingine da buhun gero, rawanin ya yi masa yawa. Ya dube shi sama da ƙasa.

"Sun sake ka?"

"Sun ba ni aron kaina, Baffa."

Tsohon ya matsa masa gefen tabarma. Sajo ya zauna, ya karɓi ƙwaryar daga hannun Asama'u, ya riƙa masa ludayi a baki. Ya kurɓa kaɗan. Jifa-jifa hannun Sajo yakan tafi aljihu, ya taɓa wayar da babu kowa a cikinta, ya dawo kan ludayin.